Wasiƙar da Ta Riga Malam Badaru Zuwa Kabo

Duk wanda ya taɓa neman a buga masa takarda a Gwarzo ya san Malam Badaruddeen, sai dai ba da wannan dogon sunan ba. Badaru Tafireta ake ce masa, duk da cewa tafiretar ta fi shekara goma sha biyar a saman kabad, gizo-gizo ya yi gida a cikinta. Siriri ne, gemunsa ya fara furfura, kuma Allah bai yi mutumin da zama ke yi wa wuya kamarsa ba. In yana bugu ƙafarsa na kaɗawa. In ya gama sai ya miƙe ya leƙa titi, ya dawo ya gyara zaman kujera, ya sake leƙawa. Shago huɗu ya canza a layi ɗaya. Matarsa Hajaratu kan ce ko tuwo a tsaye yake so ya ci, kunyar yara ce kawai ke zaunar da shi.

Ɗan garin Kutama ne. Mahaifinsa ya so ya riƙe fartanya, shi kuwa ya sulale Kano ya koyo bugun tafireta, ya dawo ya kafa tebur a gindin darbejiya kusa da kotu. A nan ya yi suna, ba don saurin hannu ba, sai don yadda yake rubuta wa mutane wasiƙa. Ƙa'ida biyu gare shi. Ta farko, ambulan yake fara rubutawa, sunan wanda za a aika wa da garinsu, ya ajiye gefe, don a cewarsa mai magana in ya ga sunan a gabansa ya fi sanin da wa yake. Ta biyu, ba ya katse mutum. Wanda ya zo da wuta a ciki sai ya ce masa, "Faɗi duk abin da ke ranka, ni hannu ne kawai." Mutum ya yi ta zazzagawa, zagi da gori da tone-tone, shi kuwa yana bugawa babu ragi. In an gama sai ya karanta wa mutum abinsa a hankali, da murya mai sanyi. Kai, babu mai jure jin zaginsa a bakin wani! Kafin a kai rabi za ka ji an ce, "A'a Malam, cire wannan." Sai ya yaga takardar a gaban mai ita, su sake wata mai ladabi. Shekara talatin yana haka, ko kalma ɗaya daga cikin waɗanda ya yaga ba ta taɓa fita daga shagonsa ba. Iyakar abin da yake taƙama da shi ke nan a duniya.

Da kwamfuta ta zo, sai rashin zaman nan nasa ya koma kan manhajar rubutu. Guda uku ya tara, ya raɗa wa kowacce suna. Akwai Shuɗiya, wadda ta zo tare da kwamfutar. Ta iya jadawali, ta iya katin biki, kuma duk ofishin da ka kai takardarta za a buɗe lafiya. Amma nauyi gare ta, sai tsohuwar kwamfutarsa ta yi ta nishi kafin ta tashe ta, in kuma aka ɗauke wuta bai adana aiki ba, shi ke nan an yi asara. Akwai Ta Kyauta, mara nauyi, ba ta neman lasisi, ba ta neman sabis, sai dai in aka buɗe takardarta a wata kwamfutar layuka kan goce, wurin sa hannu ya faɗa shafi na biyu shi kaɗai. Sannan ga Ta Sama, wadda ke aiki ta intanet. Ita wannan kowace kalma ka buga ta adana kanta, a ɗauke wuta a kawo ba ruwanta, kuma kana iya aika wa mutum takarda ya buɗe a wayarsa ba tare da an taɓa firinta ba. Aibinta ɗaya da ya sani shi ne in sabis ya gudu ita ma ta tsaya.

Har kwali ya samo ya ja layuka uku, ya manna a bango, yana sa wa wannan maki yana soke wa waccan. Ranar Litinin zai rantse ya samu wadda zai mutu a kanta, kafin Alhamis ya tono mata laifi. Badi'a, mai shagon hoton takardu da ke tsallaken titi, wadda tun da ta buɗe shago manhaja ɗaya take amfani da ita, ta mai da shi abin tsokana.

"Malam Badaru, an tashi lafiya? Yau kuma wacce ke kan mulki?"

"Ke dai ba ki san ci gaba ba. Zama wuri ɗaya tsautsayi ne, in ji kifi."

"Ai kuwa kifin da ya cika yawo shi ke faɗawa komar masunta," in ji ta.

Wata Laraba cikin damina, kwanansa tara da komawa Ta Sama, Inna Uwaliya ta zo daga Mainika. Doguwar mace ce mai kama jiki, daga gidan Fulanin da suka daɗe da zama suka kama noma, har Fulatancin ya tafi, kunyar ce ba ta tafi ba. Ta zauna a bakin benci, aka gaisa, aka tambayi gida da yara da ruwa da shuka, sannan ta faɗi abin da ya kawo ta.

Mijinta ya rasu shekara shida da suka wuce. Da ta fita takaba, ƙaninsa Malam Musbahu, malamin makaranta a Kabo, ya zo don ya tafi da yaran uku ya riƙe, kamar yadda ake yi a gidansu tun kakanni. Ita kuwa ta ce ba inda za su, a gaban dangi, ba tare da ta ba da dalili ba. Ya kaɗe rigarsa ya tafi, bai sake taka Mainika ba. To ga shi ran Asabar za a ɗaura auren Kamila, 'yarta ta fari, da yaron da ita Kamilar ta kawo da kanta, kuma a dangin uba ba wanda ya rage da zai tsaya waliyyi sai shi. Sau biyu ana aika masa manzo, waya kuwa ba ya ɗauka. Amsarsa ɗaya ce: in tana da magana ta rubuto. In bai zo ba aure zai ɗauru dai, amma dangin ango za su waiga su ga babu kowa daga gidan uban amarya, kuma wannan gorin yarinya za ta yi ta sha a gidan miji har ta tsufa.

Duk bayanin nan, ko sau ɗaya Uwaliya ba ta kama sunan Kamila ba. "Yarinyar nan" take cewa, don a gidansu uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, ba ta nuna tana son sa, balle a ji ta tana kewar miji.

"Sai a ba direban Kabo ya kai masa," in ji ta.

"Haba Inna, wa yake ba direba wasiƙa yanzu?" Badaru har ya miƙe tsaye don zumuɗi. "Ta kwana a aljihunsa, ruwa ya jiƙa ta? Akwai wadda nake da ita a nan, kafin ki kai bakin kasuwa tana cikin wayarsa."

Da ma Kamila ta rubuto mata adireshin imel ɗin baffan nata a 'yar takarda, ko da za a nema. Badaru ya buɗe sabon shafi fari tas. Hannunsa ya yi abin da ya saba shekara talatin, wato ambulan tukuna. Ya nemo wurin da ake sa adireshin mutum, ya buga na Malam Musbahu, ya danna, akwatin ya rufe. A ransa ya rubuta ambulan ya ajiye gefe ke nan. Ya gyara zama, ya ce, "Bismillah, Inna. Faɗi duk abin da ke ranki."

Da farko a hankali ta soma. Can sai bakin ya buɗe.

"Ka ce masa wata bakwai yayansa ya yi a kwance, sau nawa ya zo? Sau biyu! Ya ajiye lemo a leda, ya duba agogo, ya tafi kafin la'asar. Ka ce masa ni na juya shi, ni na wanke shi, sannan don ya mutu za a zo a kwashe min yara kamar an zo ɗaukar buhun dawa? Ka ce masa boko ne ya kumbura masa kai. A rubuto masa! Shi gwamna ne? Yaron da na sha goge wa majina lokacin da aka kawo ni gidan!"

Yatsun Badaru na gudu, ƙafarsa na kaɗawa. Ta yi ta yi har numfashinta ya sarƙe. Sai ta kalli ƙasa. Da ta sake magana muryar ba irin ta ɗazu ba ce.

"Ka ce masa ba raini ne ya sa na hana shi ba. Tsoro ne. Kamila tafiyar ubanta gare ta, dariyarta tasa ce, hatta yadda take riƙe kofi. In ya tafi da ita, wa zan kalla? Ni ban iya zama a gidan da babu motsinsa ba. Har yau ban iya ba."

Badaru ya buga. Uwaliya ta ɗago a firgice, ta rufe baki da gefen mayafi.

"Subhanallahi, me na faɗa? Goge, Malam! Don girman Allah goge wannan!"

Ya goge a gabanta, ya juyo mata da fuskar kwamfutar ta ga wurin ya koma fari. Sannan ya karanta mata zagin da muryar nan tasa mai sanyi, ta ce a cire wannan, a cire wancan, har aka cire duka. Suka tsara sabuwa: bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ana neman afuwa kan abin da ya wuce, ana roƙon ya dubi zumunci ya halarci ɗaurin aure ran Asabar. Ta ji, ta ce ta yi, ta sa masa albarka, ta fita ta nufi kasuwa.

Yana cikin laluben inda zai danna ya aika ne Badi'a ta shigo aron abin maƙala takardu. Ta leƙa ta kafaɗarsa, sai ta tsaya cak.

"Malam Badaru, wane ne wannan a cikin takardarka?"

A saman shafin, can gefen dama, akwai wani ɗan hoto zagayayye, bai fi ƙwayar gyaɗa ba. Mutum ne da hula da tabarau.

"Ado ne na manhajar," in ji shi.

"Wane irin ado? Mutum ne yake ciki yanzu haka, yana kallo. Ka sa adireshin wani?"

"Ambulan kawai na rubuta. Ban aika ba tukuna."

"Innalillahi! Ita wannan ba ta da ambulan, Malam. Kana sa adireshin mutum ka buɗe masa ƙofa ke nan. Duk harafin da ka buga a idonsa yake fitowa. Wanda ka goge ma tana ajiye da shi, in ya so ya koma baya ya karanta."

Badaru ya miƙe zumbur. Ya dubi kwalin da ke bango, layi uku, maki sama da arba'in, babu inda ya rubuta wannan. Ya yi wuf ya fizge wayar wuta daga bango, kwamfutar ta mutu.

"Ko rijiya ka jefa ta, yana da tasa a hannu," in ji Badi'a, kuma wannan karon babu tsokana a muryarta.

Ya fita, ya dawo, ya ɗauki hula, ya ajiye, ya sake ɗauka. Ya yi kamar ya bi Uwaliya kasuwa, ƙafarsa ta ƙi. Me zai ce mata? Garin neman gira ya rasa ido, kuma idon ma ba nasa ba, na marainiya ne da ake shirin kai wa ɗaki. Ya bar shagon a buɗe, ya tashi mashin, ya kama hanyar Kabo.

Hadari na haɗuwa ta gabas, gero da dawa sun rufe gefen titi, shi kuwa ba abin da yake gani sai "yaron da na sha goge wa majina". Sau uku yana tsara abin da zai faɗa yana rushewa. Zai ce shi ya ƙara gishiri. Zai ce gwajin manhaja yake yi. Zai ce wata mata ce daban. Kowacce ya ɗauko sai ya ji ƙarya ce mai wari, ya yar.

Ya tarar an tashi daga makaranta. Malam Musbahu na zaune shi kaɗai a barandar ofis, tabarau a hannu, waya a kan cinya. Badaru ya yi sallama, suka gaisa, ya aiki, ya iyali, ya ruwa, ya hanya, kamar babu komai. Da gaisuwa ta ƙare Badaru ya durƙusa.

"Malam, ni ne mai bugun takardu na Gwarzo. Laifin nawa ne. Baiwar Allah nan ba ta san kana gani ba, wallahi ba ta sani ba."

"Na san ba ta sani ba. Da ta sani ai ba za ta faɗa ba. Tashi ka zauna."

Bai iya zaman ba, ya dai ɗosana a bakin dakali.

"Ina cikin duba jarrabawar yara saƙo ya shigo," in ji Malam Musbahu. "Na buɗe na ga farar takarda. Sai rubutu ya fara fitowa shi kaɗai. Wasiƙa uku na karanta yau, Malam Badaru. Ta farko ta zage ni, kuma rabin zagin gaskiya ne, sau biyu na je. Ban iya ganinsa a kwance ba ne, shi ya sa nake gudu, amma wa zan gaya wa? Ta ukun kuwa taka ce. Duk ƙasar nan an san wasiƙarka, 'bayan gaisuwa mai yawa'. Na karɓi irinta a ofis ya fi a ƙirga. Da ita kaɗai ta zo, wallahi wakili zan tura."

Badaru ya ji maganar har cikin ƙashinsa. Shekara talatin yana ganin gyara yake yi wa mutane.

"Ta biyun fa?" ya tambaya a hankali.

Malam Musbahu ya mai da tabarau, ya cire, ya goge ido da bayan hannu.

"Shekara shida ina cewa ta raina ni ne. Ashe Yaya take nema a fuskar yarinya. Na ga sunan Kamila ya fito, na ga an goge shi." Ya mai da tabarau. "Zan zo ran Asabar, da ni da iyalina. Amma kada ka gaya mata na gani. Matar Yaya ce, na san ta. Gara mata a ce ta yi sata da a ce an ji wannan."

Aka tsuge da ruwa, Badaru ya dawo Gwarzo a jiƙe sharkaf. Ya kamata a ce hankalinsa ya kwanta, ai buƙata ta biya. Ina! Alhamis da Juma'a ya yi su kamar kaza mai neman wurin ƙwai. Ya yage kwalin bango. Ya koma Shuɗiya da safe, ya koma Ta Kyauta da rana. Wani tsoho ya zo a rubuta wa ɗansa wasiƙar faɗa, Badaru ya buɗe baki zai ce "faɗi duk abin da ke ranka", maganar ta maƙale, ya tura shi wurin Badi'a. Hajaratu ta tambaye shi ko zazzaɓi ne, ya ce a'a, ya fita ya bar abincin.

Ran Asabar ya tafi Mainika. Ƙofar gida ta cika, an shimfiɗa tabarmi har bakin masallaci. Ga Malam Musbahu a sahun gaba cikin farar babbar riga, da liman ya tambayi waliyyin amarya ya amsa da murya mai ƙarfi, ya ba da auren 'yar yayansa. Aka shafa fatiha, aka raba goro da alawa, daga cikin gida guɗa ta tashi. Badaru ya lallaɓa zai tashi mashin ya gudu, sai aka ce Inna Uwaliya na kiransa a zauren maƙwabta, inda ta ɓuya don kunyar bikin 'yar fari.

Tana tsaye a bakin ƙofar ciki, fuskarta a sake, ga kwanon waina da miya an ajiye masa a kan tabarma.

"Malam Badaru, sannu da zuwa, sannu da ƙoƙari. Hannunka akwai albarka. Manzo biyu suka kasa, takardarka ɗaya ta kawo shi. Na gaya wa matan garin nan duk mai matsala ta nufi shagonka."

"Allah ne Ya yi, Inna."

"Shi ne kam." Ta waiga, ta rage murya. "Waccan maganar dai ka goge ta ko? Babu wanda ya gani?"

Malam Musbahu ya ce kada ya faɗa. Kalma ɗaya ce za ta raba shi da ita lafiya, ya ci wainarsa ya tafi. Amma matar nan a kan amanarsa ta buɗe cikinta, ga shi kuma tana shirin turo masa wasu su buɗe nasu. Ƙafarsa da ke rawa ta tsaya.

"Na goge, Inna. Amma ya riga ya gani. Kuskurena ne, na buɗe masa takardar tun kafin ki fara magana, ban sani ba. Yana kallo muna rubutawa."

Ba ta motsa ba.

"Zagin?"

"Da zagin."

"Zagin ban damu ba, ya ci abinsa." Ta matso kusa. "Ta bayan fa?"

"Har da ita. Ita ce ma ta kawo shi, ba tawa ba."

Uwaliya ta ja mayafi ta rufe fuskarta gaba ɗaya. Daga waje ana jin muryar Malam Musbahu yana yi wa dangin ango godiya, yana cewa 'yarsu amana ce a hannunsu. Ta daɗe a haka, kafaɗunta na motsi.

"Shi ya sa da ya shigo gaishe ni ya durƙusa har ƙasa, ya kasa haɗa ido da ni," ta ce daga cikin mayafin. "Yarinyar nan ta samu uba, na gode wa Allah, kai ma na gode maka da ba ka yi min ƙarya ba. Zauna ka ci abincinka, Malam Badaru. Amma ni da shagonka har abada, kuma matan da na ce su zo, zan bi su ɗaya bayan ɗaya in ce su bari."

Ta juya ta shige cikin gida. Badaru ya zauna a gaban kwanon, ya wanke hannu, ya kasa kai loma baki.